Ranar Da Aka Ɗaure Buhun Shinkafa A Kujerar Ɗana

Abubuwa da yawa sun faru da ni a ƙasar nan waɗanda yanzu sai an tuna mini nake tunawa. Amma ranar da aka ɗaure buhun shinkafa a kujerar ɗana, aka sa masa hula, aka tuƙa shi a cikin tsohuwar motar makaranta, wannan kam ko tsufa ya kwashe mini komai, ina jin ita za ta rage.

A lokacin aurena da uban 'ya'yana bai daɗe da mutuwa ba. Ba wani abin tashin hankali ne ya raba mu ba. Bai taɓa ɗaga mini hannu ba, ni ma ban taɓa zaginsa ba. Mutum biyu ne kawai aka haɗa a gida ɗaya, kowannensu yana da tabbacin shi ne mai gaskiya a kan komai, tun daga yadda ake jera kwanuka a injin wanke-wanke har zuwa garin da ya kamata mu tsufa. Muka gaji, muka rabu. Na zauna da yaran a gidan da muke haya a Annandale, kullum ina bin bas da jirgin ƙasa zuwa ofishinmu da ke kudu maso yammacin Washington. Shi kuma ya kama ɗaki ɗaya a wani bene. Kotu ta raba mana lokacin yaran yadda ta saba: suna wurina ranakun makaranta, suna wurinsa wasu ƙarshen mako, sannan yana da kasonsa a dogon hutu. Yarinyar tana da shekara biyar, yaron kuma ya ɗan haura biyu.

Tun da muka rabu na koma kiransa Injiniya kamar kowa, shi kuma ya koma kirana Hajiya. Injiniyan kwamfuta ne. Na faɗi haka ne don kada mai karatu ya ji kalmar injiniya hankalinsa ya kwanta.

A bakin 'yata na fara jin labarin motar. Ta dawo daga wurinsa wata Lahadi, ina cire mata takalmi, ta gaya mini da Turanci, don ko da Hausa na yi mata magana da Turanci take amsawa, wai Baba ya sayi bas. Na ce madalla, ina zaton ta roba ce. Ta ce a'a, babba ce, har banɗaki za a yi a ciki.

A nan idan motar makaranta ta tsufa akan yi gwanjonta. Akwai masu saya su cire kujerun, su mayar da cikinta gida, da gado da kicin da wurin wanka, su yi ta yawo a ƙasa. Waɗanda nake gani a hanya yawanci Turawa ne masu gemu da kare. Ban taɓa jin Bahaushe ya yi ba, kuma da na ji wanda ya fara, ban yi mamaki ba.

A bayan gidan Kawu ya ajiye ta, a Upper Marlboro. Kawu ba kawun kowa ba ne a cikinmu na jini. Tsohon likita ne ɗan garinmu da ya yi ritaya, shi ya ba da aurena a madadin mahaifina, shi ne kuma ya zaunar da mu lokacin da auren ya ƙi. Mutum ne da zai iya shan shayi kofi uku a gabanka bai ce maka komai ba, ka tashi kana jin an yi maka nasiha. Gidansa na da fili a baya, shi ya sa motar ta samu masauki.

Wata da watanni Injiniya yana can duk ƙarshen mako, yana yankan katako yana kallon bidiyon yadda ake yi. Ban sa kaina a ciki ba. A raina na ce wannan ma zai wuce, kamar kiwon zuma da ya taɓa cewa zai yi a barandar bene. Sai ga saƙo ya shigo mini ana gab da dogon hutu, cikin ladabi, cewa in Allah ya yarda idan kasonsa ya zo zai ɗauki yaran a motar, su fara da duwatsun Shenandoah su zarce gaba. Na kira lauyata. Ta saurare ni har na gama, ta ce lokacin nasa ne, kotu ta ba shi, kuma ba a hana uba tafiya da 'ya'yansa don kawai uwa ba ta son launin motarsa. Ta ce na fara zuwa na ga motar tukuna.

Na je saura mako guda su tashi. Gaskiya ɗaya ce, ya yi aiki. Ya yi mata fenti kore, ya shimfiɗa katako a ƙasa yana sheƙi. Ya zagaya da ni yana bayani kamar mai sayar da gida. Ga murhun gas, ga ƙaramin firij, ga famfo yana zubo ruwa, ga gadon yara hawa biyu da labule mai taurari. Har da wurin salla ya ware, ya manna wata 'yar na'ura mai nuna alƙibla. Ya buɗe durowa ya nuna mini cokula a jere. Shekara bakwai muna tare ban taɓa ganin ya jera cokali ba.

Na bari ya gama, sannan na tambaye shi inda yaran za su zauna idan motar tana tafiya.

Ya nuna mini wata doguwar kujera da ya ƙera da hannunsa a jikin bango, mai kushin shuɗi, tana fuskantar kicin. Akwati ce ta katako, samanta murfi ne da ake ɗagawa a zuba barguna. Babu bel a jikinta. A duk faɗin motar, kujerar direba ce kaɗai take da bel.

Ya ga fuskata, sai ya fara karatu. Ya ce babu abin hawa mai aminci kamar motar makaranta, kullum yara suna shiga ba bel, girmanta kaɗai ya isa kariya. Na ce na yarda, amma waɗancan kujeru dogaye ne masu taushi, a matse da juna, suna kallon gaba, an ɗaure su da ƙarfen motar, kuma ko a can ƙananan yara irin namu ɗaure su ake yi. Na tambaye shi ina kujerun suke. Ya ce ya kai wa masu gwangwan. Kawu yana zaune a inuwar bishiya yana jin komai ta taga, bai ɗago kai daga kofinsa ba. Daga ƙarshe Injiniya ya ce ya ji, zai gyara, kada na damu. Na san wannan muryar. Ita ce muryar da yake cewa ya ji idan bai ji ba.

Ranar Asabar da safe na kawo yaran. 'Yata ta kwana da jakar goyonta a kan gado don kada a manta da ita. Ƙaramin bai san inda za a je ba, amma ya ga yayarsa tana murna, shi ma yana yi.

Injiniya ya tarye mu da fara'a. Ya sayo kujerun yara na mota guda biyu, sababbi, masu kyau, sun fi waɗanda ke motata. Ya ɗora su a kan doguwar kujerar nan, ya ɗaure kowace da igiyar ɗaure kaya, irin mai faɗin nan ruwan lemo da ake ɗaure firij da ita a bayan a-kori-kura. Ya zagayo da igiyar ta ƙarƙashin murfin, ya matse iya ƙarfinsa. Kujerun suna kallon gefe, suna fuskantar murhu. Ya kama ɗaya da hannu biyu ya jijjiga, ya ce na gwada. Na jijjiga. Ba ta motsa ba, ba zan yi masa ƙarya ba.

Na ce masa kujerar yara ba a yi ta don ta kalli gefe ba, kuma ba a ɗaure ta a jikin katako. Ya ce na jijjiga da hannuna na gani. Na ce 'ya'yana ba za su hau ba. Ya ce shi ma 'ya'yansa ne. Daga nan muryoyi suka fara hawa. Ya ambaci kotu, na ambaci 'yan sanda. Duk rabuwar da muka yi, waɗannan kalmomi ba su taɓa fitowa daga bakinmu a gaban yaran ba sai ranar. Na waiwaya na ga 'yata tsaye a bakin ƙofar motar da jakarta a baya, ta riƙe hannun ƙanenta, tana kallon bakina tana kallon bakinsa. Hausar faɗa tana ji sarai.

Shi ma ya gan ta. Ya sauke murya, ya ce to shi ke nan, ba sai an yi gardama ba, zai nuna mini da idona. Ya leƙa ta taga ya tambayi Kawu ko akwai wani abu a gidan da nauyinsa ya kusa na yaron. Kawu ya ajiye kofi, ya shiga gida, ya fito rungume da ƙaramin buhun shinkafa, ya miƙa masa.

Injiniya ya zaunar da buhun a kujerar ƙaramin, ya zura masa bel ta kafaɗu, in dai buhu yana da kafaɗu, ya matse. Ya cire hular da ke kan yaron ya ɗora wa buhun, don ya ba 'yarsa dariya. Ta yi dariyar kuwa. Sannan ya juyo ya ce akwai filin ajiye motoci na wani babban shago da ya rufe a kusa, za mu je can, zai ɗan ɗauki gudu ya taka birki da ƙarfi. Idan kujerar ta tsaya a inda take, yara za su hau, ni kuma na yi shiru. Bai faɗi abin da za a yi idan ba ta tsaya ba, don bai kawo hakan a ransa ba.

Na ce na yarda. Ina rufe baki na gane na yi wauta. Birki a filin da ba kowa daban, karo a kan babbar hanya daban. Idan igiyar nan ta riƙe, kuma ga dukkan alamu za ta riƙe, to ba abin da hakan ya tabbatar, amma ni na riga na ba da kalmata a gaban Kawu. Yau idan wata ta tambaye ni, zan ce kada ta taɓa sa lafiyar ɗanta a irin wannan caca. Ni dai na sa, don zuciya ta ɗebe ni.

Injiniya ya ce Kawu ya shigo ya zama shaida. Kawu ya leƙa cikin motar, ya dubi hagu ya dubi dama.

“Ni ma ba ni da bel,” ya ce. Ya wuce ya shiga motata.

Muka bi bayansa har filin. Na tsayar da motata can nesa a gefe, muka fito. Na saɓa ƙaramin a kafaɗa, Kawu ya riƙe hannun yarinyar. Rana ta fara zafi, kwalta duk ta tsattsage, ciyawa ta fito ta tsakani. Injiniya ya kai motar ƙarshen filin, ya juyo, ya ɗago mana hannu ta gilashi. Ya taho. Ba wani gudu ba ne, bai fi wanda ake yi a cikin unguwa ba. A zuciyata ina addu'ar da ban taɓa yin irinta ba, ina roƙon Allah ya sa aikin mutum ya lalace.

Da ya zo daidai mu ya taka birki. Motar ta yi ƙara, ta ɗan duƙa gaba, ta tsaya cak. Daga ciki muka ji wani abu ya ɓalle, sannan wani abu mai nauyi ya bugi wani abu, sannan ƙarar ƙarafa kamar an kifar da kwandon wanke-wanke. Sai shiru. Murfin tukunya ne kaɗai ya ci gaba da juyawa a ƙasa na ɗan lokaci, shi ma ya kwanta.

Muka tsaya muna jira. Ba wanda ya fito. Can sai ƙofar ta buɗe, shinkafa ta fara gangarowa ta matakala, a hankali, tana zuba a kan kwalta.

Na miƙa wa Kawu yaron na hau. Injiniya yana zaune a kujerarsa, hannayensa biyu a kan sitiyari, yana kallon gaba. Na wuce shi. Igiyar ba ta ci amanarsa ba, tana nan riƙe da kujerar yaron gam a jikin murfin. Murfin ne ya tumɓuke daga ƙusoshinsa ya tafi da kujerun duka biyu. Ta ƙaramin tana kife a ƙasa a gaban kicin, ta bugi kusurwar kabad, buhun ya fashe daga sama, daidai inda hular take. Tukunyar ƙarfe ta faɗo daga kanta ta sauka a gefensa. Durowar cokulan nan ta buɗe ta zubar da komai, har da wuƙaƙe biyu.

Ban ji hawowar 'yata ba sai da na ji ta a jikin zanena. Ta daɗe tana kallo. Ta sunkuya ta zaro hular daga ƙarƙashin kujerar, ta kakkaɓe shinkafar da ke ciki. Sannan ta tambayi ubanta da Turanci ko nan ne wurin zaman ƙanenta.

Bai juyo ba. Da Hausa ya amsa mata.

“A'a, Mamana. Ba zai zauna a nan ba.”

Ina da maganganu da na daɗe ina tanadi don irin wannan rana, ranar da zai yi kuskuren da ba zai iya musantawa ba. Wasu tun muna amarya da ango nake ajiye da su. Na buɗe baki, sai na hango fuskarsa a babban madubin nan da ke saman direba, wanda aka yi don a riƙa ganin yara a baya. Ta cikinsa yake kallon kujerar da ke kife. Na rufe bakina.

Kawu ya leƙo daga ƙasan matakala, yaron a hannunsa, ya dubi ɓarnar da aka yi.

“Shinkafar ta Hajiyata ce,” ya ce, “kuma ban tambaye ta ba.”

Ya kwashi yaran ya ce zai kai su inuwa. Aka bar ni da Injiniya da tsintsiya ɗaya. Ni ina shara, shi yana durƙushe yana tsince cokula. Can sai ya soma magana. Kansa a ƙasa yake. Ya ce a ɗakin da yake haya, idan yaran suka zo a katifar iska suke kwana, a tsakanin tebur da ƙofa. Wata rana yarinyar ta tambaye shi me ya sa Mama take da gida shi ba shi da shi. Ya ce tun ranar yake neman abin da zai zama nasu su uku, wanda idan sun girma za su ce wannan a wurin Baba muka yi shi. Ya ce ya auna tsawon gadonsu, ya zaɓi labule, ya gwada zafin ruwan famfo, amma bai taɓa tsayawa ya yi tunanin abin da zai faru idan wani ya shigo masa gaba a hanya ba.

Ya ɗaga kujerar ƙaramin ya miƙar da ita, ya tsaya yana kallon yagaggen buhun.

“Da hannuna na ɗaure shi, Hajiya.”

Na ce buhu ne.

“Na sani,” ya ce.

Ya ce tafiya ta fasu. Gyaran da ya dace zai ci makonni, kafin a gama, kasonsa na hutu ya ƙare. Zai kai su gidan namun daji, su koma katifar iska. Ya faɗi haka ba tare da neman komai a wurina ba. Ni kuma na riga na ɗauki hutu a ofis a ƙarshen watan Agusta, na yi wa yayata alkawarin kai mata yaran. Na ci gaba da shara ina jujjuya abin. Da na kai bakin ƙofa na ce masa ya ɗauki makonnin nawa, na karɓi nasa. Ya ɗago ya dube ni kamar na yi magana da wani yare. Na ce amma doguwar kujerar nan sai ta bar motar. Ya ce yau ma kuwa.

Hajiyar Kawu ta karɓi abin da muka iya kwashewa, ta ce za ta ba tsuntsaye. Ba ta tambayi ba'asi ba. Ta dai kalli mijinta, shi kuma ya kalli bishiya.

Abin da ya biyo baya ya fi ƙarfina. Mutumin da ya ce girman mota kaɗai ya isa, shi ne ya koma limamin bel. Ya kai motar wani gareji da aikinsu ke nan, sa kujeru a manyan motoci. Suka kafa masa kujera ta ainihi mai bel a jikinta, a bayan direba, tana kallon gaba. Suka huda ƙasan motar, suka zura manyan notina, suka tallafe su da faifan ƙarfe ta ƙasa, yadda kujerar da ƙarfen motar suka zama abu ɗaya. Ya riƙa kwanciya a ƙarƙashin motar yana ɗaukar hoton kowane noti yana turo mini. Saƙonnin da na samu daga wurinsa a makonnin nan sun fi waɗanda na samu a duk zaman aurenmu, kuma duk hoton ƙarfe ne. Ya sa wa kowace durowa sakata. Ya ɗaure firij da ƙarfe a bango. Tukwane suka sauko daga kanta suka koma akwati mai makulli a ƙasa. Ya sayo wa yaran wasu sababbin kujeru, ya kai su ofishin 'yan kwana-kwana, inda ake da masu duba irin wannan ɗauri, aka duba masa. Waɗanda suka faɗi ranar gwaji bai sake amfani da su ba, ya ce kujerar da ta sha bugu ba ya yarda da ita ko da ido bai ga tsaga ba.

Har motata bai bari ba. Wata Lahadi da ya dawo da yaran, ya leƙa kujerar baya, ya kama ta ƙaramin daga gindi ya girgiza, ya ce tana rawa fiye da kima. Na zo na girgiza. Tana rawa. Na ja da baya na bar shi ya sa gwiwa ya danne ta ya matse bel ɗin. Ban ce masa ya yi gaskiya ba, shi ma bai nemi na ce ba. Wannan a wurinmu ci gaba ne babba.

Ya kuma kafa dokoki, ya karanta wa yaran a gaban Kawu. Muddin motar tana tafiya ba mai tashi. Ba hawa gado, ba buɗe firij, ba shiga banɗaki. Duk mai buƙata ya faɗa, a nemi wuri a tsaya. 'Yata ta tambaya, to mene ne amfanin banɗaki a mota idan sai an tsaya za a shiga. Kawu ya ce tambaya ce mai kyau.

Ranar tafiya ta ainihi na sake kawo su. Injiniya ya ɗora yarinyar a kujerarta mai kallon gaba, ya ɗaure ta. Ya ɗauki ƙaramin ya sa shi a tasa, wadda take kallon baya kamar yadda ya dace da shekarunsa. Yaron ya ga yayarsa tana kallon hanya shi an juya masa ƙeya, sai ya ɓare baki. Ya yi ta miƙa wa ubansa hannu yana kuka har da shessheka. Na tsaya ina kallon Injiniya, don na san ba ya iya jure kukan yaro, a da ko alewa ce a tsakar dare miƙawa yake a zauna lafiya. Ya durƙusa a gabansa, ya share masa hawaye, ya yi ta lallashi, ya ba shi 'yar motar wasansa. Bai taɓa bel ɗin ba. Da kukan ya lafa, ya miƙe ya matsa gefe.

“Hajiya, ki duba.”

Na duba. Na ja bel ɗin a kafaɗar kowannensu na ga ko ya yi sako-sako har zai mintsinu a yatsana, bai mintsinu ba. Na duba maɓallin ƙirji yana daidai hammata. Na girgiza kujerun daga gindi. Na zagaya kicin ina jan durowa ɗaya bayan ɗaya. Allah ya sani na nemi abin da zan gyara, na rasa.

Na ce, “Ya yi.”

Ya gyaɗa kai, ya hau kujerarsa. Na sumbaci yaran na sauka. Motar ta fita daga bayan gidan a hankali, ta goge reshen bishiyar Kawu, ta hau titi. Na tsaya har ta sha kwana. Kawu ya zuba mini shayi, muka zauna muka sha.

Ba abin da ya same su a hanya. Tafiyar da ake yi kafin azahar sai gab da magariba suka isa, saboda kowane yaro ya gano cewa kalma ɗaya, banɗaki, tana tsayar da babbar mota. Suka dawo da cizon sauro da duwatsu cike da aljihu, yaron ya koyi faɗin kalmar barewa. Mutanenmu da suka ji labarin musayar hutu suka fara raɗe-raɗin za a mayar da aure. Ba a mayar ba. Ya yi aurensa daga baya, ni ma ina zamana lafiya, kuma har gobe ba mu yarda da juna a kan makarantar da ta dace da yaran ba.

Abin da na koya bai da yawa. Idan aka taka birki, ƙaunar da kake yi wa yaro ba ta riƙe shi, sai ƙarfe da bel da aka ɗaure a inda ya dace, kuma wannan ba abin da ake sassautawa ba ne don kunya ko don a zauna lafiya. Na kuma koyi cewa mutum zai iya kasa zama mijinki, ya zama uban 'ya'yanki na ƙwarai. Na daɗe ina haɗa biyun a ma'auni ɗaya. Ranar da na raba su, ranar na fara iya barci idan yarana suna wurinsa.